Shanuna a Garken Bahago

Talata, ashirin da tara ga wata, da hantsi.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga yayanki. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya, ya sassauta miki ciwon gwiwar da kika ambata, ya ƙara miki haƙuri da mutanen bene da kika ce suna jan kujera a kanki tun da asuba. Ni dai yau na tashi da ɗan dama-dama. Tarin ya lafa tun jiya, sai ƙafar hagu ce har yanzu take kumbure, sai da na yanka bakin takalmin kafin ta shiga. Numfashi kuwa yana nan yadda annobar ta bar mini shi, ba ya kai ni nesa. Na ajiye kujera tsakanin ɗakina da ƙofar gida don in riƙa yada zango, amma yau na wuce ta ban zauna ba, har na waiwayo na yi mata gwalo. Idan kin ga rubutun yana hawa yana gangarowa, laifin hannu ne. Da malaminmu na aji uku zai ga layukan nan, da na sha rula a bayan yatsu.

Labarin gida kaɗan ne, don gidan ma kaɗan ya rage. Ɗanki na wajena, Injiniya, yana kirana duk ranar Asabar, ya tambaya ko na sha magani, in ce na sha, ya ce in tattara in koma wurinsu, in ce to, mu yi sallama. Matarsa ta aiko mini da bargo da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana nuna lamba. Na daina sa ta, don ba ta taɓa faɗa mini abin da nake son ji ba. 'Yar autarsu ta shiga makaranta, ta karanto mini baƙaƙe ta waya har ƙarshe, ta tsallake biyu, ban gyara mata ba. Ɗakin mutuniyarki, uwargidana, yana nan yadda ta bar shi. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Na san ke ma kina kewar wadda za ki riƙa yi wa tsiya a kan yawan gishiri.

Auta, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki, duk sanda kika kira sai in kauce in shiga zancen ruwan sama. Maganar shanu ce, kuma kina da haƙƙi a ciki, tunda huɗu daga cikin taran jinin saniyar Inna ne, rabonki ne da kika bar mini riƙo tun ranar da kika bar gidan nan. Roƙona ɗaya kafin in fara: kada ki nuna wa ɗan wajenki Lauya takardar nan. Na san ɗan nawa, kafin ki kai ƙarshen shafi ya riga ya sa takalmi.

Kin san yadda muke yi a nan tun zamanin Baba. Saniyar tatsa ba ruwanta da mai ita yana jinya. Kwana biyu ba a tatse ta ba hantsarta ta sanƙare, zazzaɓi ya kama ta, wani lokaci shi ke nan ta lalace. Saboda haka duk wanda ya kwanta, maƙwabcinsa ba ya jiran a roƙe shi, kafin tatsar yamma yake zuwa ya kwance shanun ya kora su garkensa, ya haɗa da nasa, sai ranar da mai su ya miƙe. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida, godiyar ma ba a cika yi ba. Haka Baba ya yi wa mahaifin Bahago shekarar da keken shanu ya karya masa ƙugu, lokacin kina goye. To ranar da motar asibiti ta zo ta ɗauke mu ni da mutuniyarki, kowa ya kulle ƙofarsa, mutane ko ta gefen shingenmu ba sa bi. Bahago ne, maƙwabcinmu na ƙetaren rafi, wanda ya taɓa jefa ki cikin komin ruwa kika yi wata ba ki gaishe shi ba, shi ne ya ɗaure hancinsa da tsumma ya shigo ya kwance su duka tara ya tafi da su. Matarsa ta hana shi shiga ɗaki har kwana goma, a rumbun dusa ya riƙa kwana.

Mako bakwai na yi a asibiti, kin san sauran, ba sai na maimaita miki yadda aka binne ta ina kwance a ɗaya ɗakin da roba a hanci ba. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da Bahago ya sha a wannan lokaci. Dokar kulle ta tsayar da motar madara. Safe da yamma yana tatsar nasa goma sha biyu da nawa tara, ya ɗibi abin da gida zai sha, ya ba maƙwabta ta kan shinge, sauran ya tuttular a kwalbati, don ba mai saye kuma ba inda za a kai. Dusa ta yi tsada har ta ɓace. Sai da ya sayar da bijimansa biyu a wulaƙance ya sayi abincin da ya ciyar da su, kuma ko sau ɗaya bai ware nawa ya rage musu ba. Wannan ba daga bakinsa na ji ba, direban motar madara ne ya gaya mini daga baya.

A cikin makonnin nan ne gwamnati ta sanar za ta ba gonaki tallafi saboda asarar annoba, gwargwadon yawan dabbobin kowa. Ma'aikatan gunduma suka fito ƙidaya, fuska a rufe, suna tsayawa nesa da mutane. Suka zo gidanmu suka tarar da ƙofa a garƙame da turaku babu komai, suka wuce. Suka isa garken Bahago suka ƙirga kai ashirin da ɗaya, suka huda wa kowace kunne suka maƙala mata wata roba ruwan ɗorawa mai lambar gonarsa. Ya ce ya gaya wa babbansu tara na maƙwabcinsa ne da ke asibiti, mutumin ya amsa daga bayan takunkumi cewa shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa, in akwai gyara a yi a ofis daga baya. Suka miƙo takarda, ya dangwala yatsa. Kin san Bahago bai yi makaranta ba. Shekara hamsin duk takardar da ta shigo gidansa, ta haraji ce ko ta asibiti ko wasiƙar surukai, sai ya ninke ta cikin hula ya ƙetaro rafi ya kawo mini in karanta masa. Wannan ce ta farko da ya sa wa hannu ban gani ba.

Da aka sallamo ni ko bokiti ba na iya ɗagawa, sai muka yi shawara su ci gaba da zama wurinsa har in samu ƙarfi ko in samu mai tatsa. Ya ma ba ni labarin ƙidayar yana dariya, ya ce Gwaggo ta yi 'yan kunne da tsufanta. Kin tuna Gwaggo, jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho, da mutuniyarki ta raɗa wa sunan saboda tana harara irin ta gwaggonmu. Ni ma na yi dariya, karo na farko tun mutuwar. Mun ɗauka irin ƙidayar da ake yi ce lokacin rigakafi, a rubuta a manta.

Bayan kwana kaɗan takardar neman tallafin ta iso mini ta gidan waya, tunda ba su same ni ba ranar ƙidaya. Na share tebur, na goge tabarau, na ja layi da fensir a ƙarƙashi don kada rubutu ya karkace. Tambaya ta shida ta ce dabbobi nawa ne a cikin gonarka a ranar ɗaya ga watan, aka bar ɗan akwati da bai fi faɗin farce biyu ba. Auta, mu an koya mana ka amsa abin da aka tambaye ka, kada ka ƙara kada ka rage, kuma kada ka sa wa hukuma hannu a kan abin da ba haka yake ba. Ranar ɗaya ga wancan watan ko kaza babu a gonar. Na rubuta sifiri a cikin akwatin. Sannan a gefen takardar, inda aka bar fari, na yi bayani da ƙananan baƙaƙe, layi goma sha ɗaya: cewa ina da shanu tara, suna hannun maƙwabcina saboda jinya, ga kamanninsu ɗaya bayan ɗaya, har da ƙahon Gwaggo. Na sa kwanan wata na sa hannu. Na duba aikin na ji daɗinsa, na ce duk ma'aikacin da ya karanta wannan zai san ya haɗu da wanda ya je makaranta.

Wata huɗu shiru. Daga nan tallafi ya fara sauka. Babbar gonar bakin titi mai akawunta na kanta ita ta fara samu, ba a yi mako ba muka ji kukan sabuwar tarakta. Sai masu matsakaicin garke, sai ƙanana. A shagon mai sayar da dusa ba a wata hira sai ta wa ya ji ƙarar waya wa bai ji ba, har aka riƙa tsokanar mai injin niƙa wai ya koma kwana da wayarsa a ƙarƙashin kunne. Ban yi wa kowa baƙin ciki ba, mutane sun sha wuya, wasu da wannan tallafin suka sake tsayawa da ƙafafunsu. Ni kuwa ambulan aka kawo mini. Layi uku ne a ciki. Aka ce bisa bayanin da na bayar da kaina, gonata ba ta cikin gonakin da ke aiki. Na karanta na sake karantawa a tsaye a bakin ƙofa. Gonar da Baba ya sare da hannunsa, wadda ban taɓa barin rana ta fito ta same ni a kwance a cikinta ba sai da ciwo ya kayar da ni, wai ba ta aiki.

Direban motar madara ya taimaka ya ɗauke ni zuwa ofishin gona na gunduma. Wani dogon ɗaki ne mai benci uku, an manna jan tef a kan kowane wuri na biyu don kada a zauna kusa da juna, ga kwalbar wanke hannu a bakin ƙofa ba komai a ciki, kowa sai ya matsa ta ya murza hannu a bushe ya wuce. Na yi awa uku kafin a kira lambata. Wata mata ce a bayan gilashi mai 'yan huduji, ba za ta wuce sa'ar matar Injiniya ba, kuma ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Baba ta riƙa ce mini, ta sa aka miƙo mini kujera. Na tambaye ta ko ba a karanta bayanin da na yi a gefe ba. Ta dube ni da tausayi ta ce ba mutum ke karanta takardun ba, na'ura ake zura wa su, ita kuma abin da ke cikin akwati kaɗai take gani. Ta je ciki ta daɗe, ta dawo da takardata. Ga rubutuna nan lafiya lau, ko yatsa bai taɓa shi ba. Ta karanta a gabana har ƙarshe, ta ce rabon da ta ga rubutun hannu mai kyau haka tun na kakanta. Ita ce mutum ta farko da ta karanta shi, kuma ita ce ta ƙarshe.

Na ce mata ni tallafin ma na yafe, a gyara suna kawai in kwaso shanuna, don a lokacin na samu wani magidanci da kulle ya koro daga birni, ya iya tatsa, mun daidaita zai riƙa zuwa safe da yamma. A nan ta rage murya. Ta ce duk dabbar da aka biya tallafi a kanta dole ta zauna a gonar da aka yi mata lamba har shekara biyu daga ranar biya, kuma masu dubawa suna zuwa ba sanarwa. Dalili kuwa, lokacin ƙidaya wasu sun yi ta aron dabbobin juna, garke ɗaya a ƙirga shi a gona uku, shi ya sa hukuma ta tsananta. Wanda aka je aka tarar da giɓi a garkensa, za a karɓe duk abin da aka ba shi a kai shi kotu. Hanya ɗaya ce ta rage mini. Ta turo wata takarda ruwan hoda ta ƙarƙashin gilashin, ta ce in cike in bayyana cewa shanun nawa ne, wani ya sa su a cikin nasa. In na yi haka cikin kwana casa'in daga ranar da aka rubuto mini, za a bincika, a cire musu lamba, a dawo mini da su har da tallafina. Na tambaya shi kuma maƙwabcin fa. Ta ce zai zama wanda ya ba hukuma bayanin ƙarya, tunda yatsansa na kan takarda. Na ce ai ya faɗa musu da baki. Ta ce ta yarda da ni, amma baki ba shi da akwati.

Yanzu zan gaya miki nawa laifin, wanda shi ya fi hana ni sakewa. Kwana uku bayan haka Bahago ya zo, don labari ya riga ya kai masa. Ya tsufa, Auta, ba za ki gane shi ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya shigo yana ta kame-kame, ya rasa inda zai zauna, ya jawo 'yar kujerar tatsa ta mutuniyarki da ke jingine a baranda ya zauna a kai. Ba wanda ya taɓa ta tun tafiyarta. Bai sani ba, ina zai sani, amma ni tun daga nan raina ya fara ɓaci. Ya cire hula ya fito da wani ƙunshi a leda ya ajiye a gabana, ya ce rabon shanuna ne daga abin da aka ba shi, shi bai san abin zai zama haka ba, babban ɗansa ne ma ya karɓo a banki. Ya ce in yi haƙuri da maganar kwaso su, ɗan ya ce ko maraƙi ɗaya ya fita daga garken sun shiga uku, ga abin da ya samu wani can bayan kasuwa da ya sayar da uku aka zo aka kwashe masa har tankin madara. Ina jinsa ina kallon ƙafar kujerar. Na tura ƙunshin da sandata har ya faɗo ƙasa, na ce masa:

"Ni ba kuɗi na ba ka ajiya ba. Ashe jira kake in mutu ka gaje ni, da na ƙi mutuwa sai ka gaje ni da rai."

Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ledar, ya kakkaɓe ta, ya mayar cikin hula. Da ya kai bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba, ya ce:

"Ka san ban iya karatu ba. Kai ne idona, kuma ranar ba ka nan."

Mako goma sha ɗaya ke nan ban sake ganinsa ba. Mutumin da tun muna yara ba mu taɓa yin kwana uku ba mu haɗu ba, ko da faɗa muke. Tsakanina da garkensa tafiyar minti ashirin ce ga mai lafiya, ni kuwa iyakata ƙofar gida. Idan iska ta taso daga wajen rafi da yamma ina jiyo su lokacin tatsa, kuma ina rarrabe muryar kowace. Magidancin da na ɗauka ya gaji da jira ya samu aiki a gonar bakin titi. Duk da haka kullum da safe sai na lallaba na zuba ruwa a komi, ba don komai ba sai don kada katakon ya tsage.

Ran Alhamis ta makon jiya ina zaune da safe na ji ana tura ƙyauren garke da ƙarfi. Na fita na tarar da Gwaggo. Ta tsinke igiya, ta ƙetare rafi ita kaɗai, ta zo ta tsaya daidai turkenta na dā, na uku daga bango, tana hararata kamar ni ne na yi latti. Ba ni da dusa ko tafi ɗaya a gidan. Na ɗauko ragowar burodina na ba ta a hannu, na jingina goshina a wuyanta. Ta rame kaɗan amma fatarta tana sheƙi, ana kula da ita, wannan ba zan ɓoye ba. Robar tana nan a kunnenta na dama. Ba a yi awa ɗaya ba babban ɗan Bahago ya iso a guje da igiya, magidanci mai 'ya'ya biyar yana haki kamar an biyo shi. Ya durƙusa ya gaishe ni idonsa a ƙasa, ya ce in gafarce shi, an ce masu dubawa suna yankin a makon nan. Gwaggo ta ƙi tafiya. Ya ja, ta kafe. Ni na ce mata ta tafi, da irin kiran da mutuniyarki ke yi musu, sannan ta bi shi. Na koma ciki, ranar ban iya cin komai ba.

Likita ya duba ni farkon watan nan. Ya daɗe yana sauraren bayana, ya rage wani magani ya ƙara wani, sannan ya ce in riƙa yin abin da ke faranta mini rai, kada in takura wa kaina da dokoki. Ke ma kin yi jinyar Inna, kin san lokacin da likita ke fara irin wannan magana. Saura wata ashirin kafin lambar nan ta saki shanun. Ba na cewa na san gaibu, amma na san jikina. Idan ban sa hannu a takardar nan ruwan hoda ba, da wuya in sake jin ƙarar madara a bokiti a gidan nan. Idan kuma na sa, zan ji, amma za a tsayar da Bahago gaban alƙali da furfurarsa a kira shi maƙaryaci, saboda ya ɗaure hanci da tsumma ya shigo gidan da kowa ke gudu.

Na cike takardar tun tuni. Sau uku ina kwafe ta a wata takarda daban kafin in zuba a ainihin, kuma wannan karon komai a cikin akwati na sa shi, na koyi darasi. Wurin sa hannu kaɗai ya rage. Gobe Laraba kwana casa'in ke cika, direban madara zai biyo yau da la'asar, in na ba shi zai kai ofis gobe da safe. Shekaranjiya na aike shi wurin Bahago, na ce ya ce masa ina roƙonsa ya zo yau da hantsi. Ya dawo ya ce ya same shi yana gyaran shinge, ya saurara, ya ce ya ji. Ina so in nemi gafararsa baki da baki. Ina so in karanta masa takardar ofis ɗin nan daga farko har ƙarshe yadda na saba karanta masa kowace, don kada a ce an sake rubuta wani abu a kansa bai ji ba. Sannan akwai abin da nake so in roƙe shi, wanda ba ya aikuwa ta bakin direba. Akwai wani ɗan ɗaki a jikin garkensa inda yake ajiye buhuna, yana da taga mai kallon turaku. Gado ɗaya zai shiga. Tunda su ba za su iya zuwa wurina ba, ko zai yarda ya kawo keken shanu ya ɗauke ni in je wurinsu. Ba zan dame su ba, abincina kaɗan ne. Na san Injiniya zai ce na zubar masa da mutunci, yana da ɗaki mai fanka a birni ina neman rumbun wani. Ke dai kin san abin da nake nufi.

Abin da nake nema a wurinki shi ne ki yafe mini, duk yadda ta kasance. Amana kika ba ni, na sa ta a inda hannuna ba ya kaiwa. Idan na riga ki tafiya kafin wa'adin ya cika, huɗun nan naki ne: Gwaggo, da 'yarta mai farin goshi, da baƙaƙen nan biyu masu kama da juna. Babu takardar da ta ce haka sai wannan da ke hannunki, amma na san Bahago, ko bayan abin da na faɗa masa ba zai ci miki ko gashin jela ba. Ki bi shi a hankali, kuma ki je da kanki, kada ki tura yara.

Ki gaishe mini da maigidanki Sarkin Barci, ki ce masa har yanzu ina bin sa ziyarar da ya yi alkawari tun kafin annoba. Ki gaishe da Lauya da matarsa, da 'yan biyu, da takwarana mai kunnen ƙashi, ki ce ya rage hawa bishiya. Ki gaishe da Malama in ta zo hutu, da surukarki mai yawan addu'a, ki ce ta sa ni a ciki. Allah ya tsare ku, ya raba ku da irin wannan ciwo, ya sa mu gana da alheri, a nan ko a can.

Ni ne yayanki da ba ya manta ki.

Ƙari, da la'asar. Na bar ambulan a buɗe don in ba ki labarin yadda muka yi. Tun hantsi na fito da kujera bakin ƙofa, na dafa shayi, ya huce na sake ɗumamawa. Sau biyu na hango mutum a hanyar rafi na miƙe, na farko mai gyaran wayar lantarki ne, na biyu wata mata ce da itace. Ga direba nan yana ta danna oda. Ya leƙo ya tambaya takarda biyu ce ko ɗaya, na ce masa ɗaya ce, ta ƙanwata. Waccan ban sa mata hannu ba, kuma ba zan sa ba. Bahago bai zo ba.